Shin Kotun Ƙolin Amurka ta halatta yi wa masu mulki ƙarya ne?

Ɗalibar Shari'a ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aji uku a sashen nazarin shari'a, kuma a darasinmu na makon jiya malami ya taɓo hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1964 tsakanin jaridar New York Times da wani kwamishina mai suna Sullivan. Abin da na fahimta shi ne jaridar ba ta musanta cewa akwai kurakurai a cikin abin da ta buga ba, amma duk da haka kotu ta hana mutumin diyyar da aka yanke masa. Wannan ya tsaya mini a rai, domin mun taso ana gaya mana cewa mutunci madara ne, kuma magana zarar bunu ce.

Sai dai akwai abin da ya sa ban yi saurin yanke hukunci ba. A bara ƙanena ya rubuta a Facebook cewa an fitar da kuɗin ginin ƙaramin asibitin garinmu amma har yau babu rufi a kansa, ya kuma ambaci adadin kuɗin da ya ji a bakin mutane, ashe adadin ya zarce na gaskiya. Kwana biyu ya yi a hannun 'yan sanda bisa ƙorafin wani mai muƙami, kuma ba a sake shi ba sai da mahaifinmu ya je ya ba da haƙuri aka goge rubutun. Asibitin yana nan babu rufi. Ina roƙon masana su bayyana mini abin da kotun ta faɗa a haƙiƙa, da kuma ko irin wannan hukunci zai amfani mutum kamar ƙanena.

Barista ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ba za a gane hukuncin ba sai an san rigimar da ta haife shi. Ranar 29 ga Maris 1960 New York Times ta buga wata talla mai cika shafi guda, wadda masu goyon bayan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, suka biya domin tara kuɗin kare shi a kotu da tallafa wa ɗaliban baƙar fata masu zanga-zanga a kudancin ƙasar. Tallar ta ƙunshi kurakurai. Ta ce an kama King sau bakwai, alhali sau huɗu ne. Ta ce 'yan sanda sun yi wa harabar kwalejin baƙar fata ta Montgomery ƙawanya, alhali an jibge su ne kusa da ita. Ta ce an garƙame ɗakin cin abincin ɗalibai domin yunwa ta karya su, wannan kuwa bai faru ba. Har waƙar da ɗaliban suka rera a bakin majalisar jiha an faɗi wata daban.

L. B. Sullivan shi ne kwamishinan da ke kula da 'yan sandan birnin Montgomery a jihar Alabama. Babu sunansa ko ɗaya a cikin tallar, amma ya ce duk inda aka ambaci 'yan sanda da shi ake. Kwafin jaridar da ke shiga Alabama bai kai 400 ba, kusan 35 daga ciki ne ke isa gundumar Montgomery, kuma a cikin shaidun da ya gabatar babu wanda ya ce ya gaskata zargin a kansa. Duk da haka masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farar fata, suka ba shi dala 500,000, wato iyakar abin da ya nema, kotun ƙolin jihar kuma ta tabbatar a 1962. Ya haɗa da limaman coci huɗu baƙar fata a cikin ƙarar, ciki har da Ralph Abernathy da Fred Shuttlesworth, waɗanda aka sa sunayensu a tallar ba da saninsu ba, har aka ƙwace motocin wasunsu. A lokacin da maganar ta isa Washinton, ƙararraki 11 ne jami'an Alabama suka shigar a kan jaridar suna neman dala miliyan 5.6, da wasu biyar a kan gidan talabijin na CBS. Ba wanke suna ake nema ba. Ana so ne manyan kafofin labarai su ji tsoron aiko wakilansu kudu su ga yadda ake dukan masu neman 'yancin zaɓe.

Ranar 9 ga Maris 1964 alƙalai tara suka haɗu a kan rushe hukuncin, Mai Shari'a William Brennan ya rubuta dalilan. Ƙa'idar da ya kafa ita ce jami'in gwamnati ba zai karɓi diyya a kan ƙaryar da ta shafi aikinsa ba, sai ya tabbatar da hujja bayyananniya cewa mai maganar ya san ƙarya ce, ko kuma ya yi ko-in-kula da kasancewarta gaskiya ko ƙarya. Ana fassara sunan ƙa'idar da mugun nufi, amma kada wannan ya rikita ki, domin ba ƙiyayya ake nufi ba. Mutum yana iya tsanar gwamna kamar mutuwarsa ya kuma tsira, matuƙar ya yi imani da abin da ya rubuta. A 1968 kotun ta ƙara fayyace cewa ko-in-kula na nufin mai maganar ya yi shakka mai ƙarfi a zuciyarsa amma ya ci gaba ya wallafa.

Saboda haka ba a halatta ƙarya ba, nauyin kawo hujja aka sauya wa kafaɗa. A tsarin da muka gada daga Ingila, da zarar mai ƙara ya nuna an wallafa magana mai zubar masa da daraja, doka tana ɗaukarta ƙarya, wanda ya faɗa shi zai tabbatar da gaskiyarta. Brennan ya ce a ƙarƙashin irin wannan tsari ba maƙaryaci kaɗai ke yin shiru ba, har mai gaskiya, domin yana iya sanin abu ya kasa tabbatar da shi a gaban alƙali, ko ya kasa biyan lauya. Ya ƙara da wata hujja da nake ganin ta fi dacewa da mu. Tun 1959 kotun ta ba jami'an tarayya kariya daga ƙarar ɓata suna a kan abin da suka faɗa a bakin aikinsu, don haka bai dace a bar ɗan ƙasa mai sukarsu babu kwatankwacin wannan kariya ba. Ki duba sashe na 308 na kundin tsarin mulkinmu na 1999, wanda ya hana a kai gwamna ƙara yana kan mulki, sannan ki duba hukuncin Kotun Ƙolinmu na 2007 a shari'ar Donald Duke, gwamnan Kuros Riba, da mujallar Global Excellence, inda aka ce shi gwamnan yana da damar kai ƙarar ɓata suna. Shi ya kai ki, ke ba ki kai shi.

Malamin Islamiyya ya amsa:

Barista, Allah ya ƙara basira, bayaninka ya fito da abubuwan da ban sani ba. Amma akwai gaɓa guda da ban gamsu da ita ba, kuma ina ganin ita ce ta dami wannan baiwar Allah. Na karanta cewa a cikin ma'ajiyar jaridar kanta akwai rahotannin wakilanta da za su nuna kurakuran tallar da an duba, ba a kuwa duba ba, kotu ta ce wannan sakaci ne kawai, kuma sakaci bai isa a ci ta tara ba. To idan haka ne, wanda bai yi bincike ba ya fi wanda ya yi bincike kwanciyar hankali, tunda shakka ba ta shiga zuciyar wanda bai tambaya ba. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarce mu da neman tabbaci kafin mu cutar da mutane cikin jahilci, ba ta kuma ware mai mulki daga cikin mutanen ba.

Kada a fahimce ni a matsayin mai kare azzalumai. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, na farkonsu kuwa shi ne kai kukan zalunci. Hadisi ya tabbata cewa faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba yana cikin mafificin jihadi, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙ bai ɓoye komai ba game da gaisuwa da jangali da sauran hanyoyin da sarakunan zamaninsa ke cin dukiyar talakawa. Amma sharaɗin duk wannan shi ne gaskiya. Mai muƙami yana da mata da 'ya'ya da surukai, kuma a garuruwanmu idan aka ce wane ɓarawo ne, 'yarsa ce za ta ji a makaranta. Ina tsoron mu aro ƙa'idar da za ta sa masu tsoron Allah su guji muƙami saboda kare mutuncinsu, a bar fagen ga waɗanda kunya ba ta dame su ba.

Tsohon Ɗan Jarida ya amsa:

'Yata, ni ba lauya ba ne, amma ina cikin ɗakin labarai lokacin da aka kafa Doka ta 4 ta 1984, wadda sunanta ma ya ce an yi ta ne domin kare jami'an gwamnati daga zargin ƙarya. A ƙarƙashinta aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda-guda, aka ci jaridar tarar naira 50,000, a kan labarin naɗin jakadu. Dokar ta haɗa har da labarin da zai jawo wa gwamnati ko jami'inta abin kunya, don haka gaskiyar labari ba ta zama mafaka ba. Abin da na gani da idona shi ne ba a bukaci ɗaure mutum na uku ba. Editoci da kansu suka riƙa cire labarai, mu ma muka koyi rubuta abin da ba zai tayar da ƙura ba. Janar Babangida ya soke dokar a Agustan 1985, amma ɗabi'ar ta daɗe tare da mu.

Malam, damuwarka gaskiya ce, sai dai a iya shekarun da na yi a wannan aiki ban ga mai mulkin da ya rasa hanyar wanke kansa ba. Yana da gidan rediyon jiha, yana da mai magana da yawunsa, yana da lauyoyin da baitulmali ke biya, yanzu kuma ga rundunar matasa a intanet. Wanda na ga ya rasa hanya shi ne irin ƙanen wannan yarinya. Iyayenmu na NEPU sun sha ɗauri a kotunan alƙalai na En'e a shekarun 1950 a kan abin da ake kira zagin sarauta, Hajiya Gambo Sawaba kuma ta shiga kurkuku sau da dama. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowanne, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda wasan barkwancin da suka yi wa gwamnan lokacin a TikTok.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne ɗalibanmu sun san Sullivan amma ba su san namu ba. Arthur Nwankwo ya rubuta littafi yana sukar yadda Jim Nwobodo ke mulkin tsohuwar jihar Anambara, babbar kotu a Onica ta same shi da laifin tunzura jama'a ta yanke masa wata 12. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Inugu ta rushe hukuncin, ta ce dokar tunzura jama'a kayan Turawan mulkin mallaka ce da ba ta dace da 'yancin faɗin albarkacin baki na kundin 1979 ba. Mai Shari'a Olatawura, ɗaya daga cikin alƙalan kotun, ya yi bayanin cewa masu riƙe da muƙami kada su kasa jure suka, kuma idan marubuci ya wuce gona da iri, to a kai shi ƙarar neman diyya, inda shi mai ƙarar dole ya shimfiɗa halinsa a gaban kotu a bincika. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne dalilin da ya sa da yawansu suka fi son kiran DPO da kiran lauya.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Salamu alaikum, 'yan'uwa. Mu nan Nijar mun ga abin ya je ya dawo. A 2010, zamanin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, aka cire ɗauri daga laifukan aikin jarida, a ƙarshen 2011 kuma Shugaba Mahamadou Issoufou ya sa hannu a kan sanarwar Table Mountain mai kira da a soke dokokin ɓata suna na laifi a Afirka. Sai dokar laifukan intanet ta 2019 ta dawo da ɗaurin ta bayan gida. An cire shi a 2022 lokacin Mohamed Bazoum, a watan Yunin 2024 kuma hukumomin soja suka mayar da shi, shekara ɗaya zuwa uku a kan ɓata suna ko zagi ta hanyar intanet.

Hukuncin da ya fi kusa da mu shi ne na Lohé Issa Konaté, editan jaridar L'Ouragan ta Burkina Faso, wanda aka ɗaure wata 12 a 2012, aka rufe jaridarsa wata shida, saboda ya zargi wani mai gabatar da ƙara na gwamnati. A Disamban 2014 Kotun Afirka ta haƙƙin ɗan'adam da ke Arusha ta ce ɗaurin ya saɓa wa yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan'adam, kuma masu muƙami wajibi ne su jure sukar da ta fi ta sauran mutane. Kotun ba ta ce Konaté ya yi gaskiya ba, cewa ta yi horon ya fi laifin girma. Burkina ta gyara dokarta a 2015.

Barista ya sake amsawa:

Malam, gaɓar da ka kama ita ce raunin hukuncin, kuma ba kai kaɗai ka gan ta ba. Alƙalai biyu na Kotun Ƙolin Amurka ta yanzu, Clarence Thomas tun 2019 da Neil Gorsuch a 2021, sun yi kira da a sake duba ƙa'idar, Gorsuch ma ya kawo kusan hujjarka, cewa ta zama tamkar lada ga wanda bai yi bincike ba. Kanada ta ƙi ɗaukar ta a 1995. Babbar Kotun Ostareliya a shari'ar David Lange, tsohon firaministan New Zealand, ta 1997, da Ingila daga 1999 har zuwa dokarta ta 2013, sun bi wata hanya ta tsakiya, inda mai wallafa zai tsira ko da ya yi kuskure, matuƙar maganar ta shafi maslahar jama'a kuma ya nuna ya yi abin da mai hankali zai yi kafin ya wallafa, kamar tuntuɓar wanda ake zargi. Ni da za a tambaye ni, wannan zan zaɓa wa Najeriya, domin ya fi kusa da neman tabbacin da ka ambata. Sai dai a yi wa tsarin Amurka adalci: a Afrilun 2023 tashar talabijin ta Fox News ta amince ta biya kamfanin na'urorin zaɓe na Dominion dala miliyan 787.5 a kan zarge-zargen maguɗin zaɓen 2020, bayan saƙonnin cikin gida sun nuna ma'aikatanta da yawa ba su yarda da abin da ake watsawa ba.

Amma Malama, a kan ƙanenki, Baba ɗan jarida ya fi ni kusa da amsar. Sullivan ƙarar neman diyya ce, shi kuwa ƙanenki ba a kai shi gaban kowane alƙali ba, don haka babu ƙa'idar da za ta yi aiki a inda ba a yi shari'a ba. Abin da muke da shi a hannu ma ba kaɗan ba ne. Sashe na 391 na kundin Pinal Kod na Arewa, wanda ya bayyana laifin ɓata suna, shi da kansa ya keɓe ra'ayin da aka faɗa da kyakkyawar niyya game da yadda ma'aikacin gwamnati ke gudanar da aikinsa, ko da yake kyakkyawar niyya a wannan kundi tana nufin an yi taka-tsantsan, kuma adadin da aka tsinta a bakin mutane zai sha tambaya a nan. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda kotun ECOWAS ta yi tir da shi a 2020 da 2022, an gyara shi a Fabrairun 2024, yanzu sai an nuna mutum ya san saƙon ƙarya ne kuma ya aika shi domin tayar da hargitsi ko jefa rai cikin haɗari. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ya kuma tanadi diyya da neman gafara a bainar jama'a ga wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Idan kuma adadin kuɗin ne matsalar, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa takardar mai neman bayani.

Ɗalibar Shari'a ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na nemo shari'ar Nwankwo a ɗakin karatu jiya, kuma na ji kunyar cewa ban taɓa buɗe ta ba. Na karanta wa mahaifinmu abin da Barista ya rubuta game da sashe na 35, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi ba zai yi shari'a da mutumin da suke haɗuwa a masallacin Juma'a da wurin jana'iza ba, kuma yayarmu tana aiki a ƙarƙashin ofishinsa. Maganar kotu dai ta mutu a gidanmu. Takardar neman bayani kuwa bai hana ni rubutawa ba, da sharaɗin kada sunan ƙanena ya fito a ciki. Barista, idan na tsara ta, shin da sunan shugaban ƙaramar hukuma zan aika, ko da sunan sakatare, kuma wace shaida zan karɓa da za ta nuna ranar da suka amshe ta?